Turancin Rashawa a Hanyar Volgograd

Bayan ƙaramar Sallah ta 2018 na bar Kano tare da wani aminina zuwa Rasha domin kallon gasar cin kofin duniya, wadda aka buɗe ranar 14 ga Yuni a Mosko. A wannan shekarar gwamnatin Rasha ta sauƙaƙa wa baƙi shiga ƙasar, domin katin 'yan kallo da ake kira Fan ID ya tsaya a madadin biza, kuma duk mai tikitin wasa yana iya neman gurbi kyauta a jiragen ƙasa na musamman da ke zirga-zirga tsakanin biranen gasar. Wasan Najeriya na farko a Kaliningrad, wanda Kuroshiya ta ci mu 2-0, ya wuce mu muna gida, saboda haka muka nufi na biyu a Volgograd. Koyar da Turanci a makarantar sakandare ita ce sana'ata, kuma mai wannan sana'a ko hutu ya tafi kunnensa ba ya hutawa. Tun daga filin jirgin sama na lura da matasa 'yan sa-kai masu nuna wa baƙi hanya, waɗanda Turancinsu ya fi abin da na zata tsabta, amma yana da wani irin nauyi, kamar na mutumin da yake karanto takardar hukuma.

Guraben jirgin kyauta sun ƙare kafin mu nema, sai muka sayi tikitin jirgin yau da kullum da ke tashi daga tashar Paveletsky, tafiyar kilomita kusan 1,000 wadda ke cin kusan awa 20. Ɗakinmu mai gadaje huɗu ne, biyu a ƙasa biyu a sama, kuma a can ba a ware maza da mata sai in mutum ya nemi hakan, sai dai al'ada ce maza su fita barandar tarago idan mace za ta kintsa. Abokan zamanmu su ne wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyar da Turanci, tana komawa gida Volgograd, da wani saurayi injiniyan manhajar kwamfuta wanda shi ma wasan zai je kallo. Ma'aikaciyar tarago ta kawo mana shayi a kofunan gilashi da ke zaune cikin maɗaukan ƙarfe masu mariƙi, ruwan zafi kuwa yana nan a tukunyar da ke ƙarshen tarago dare da rana. Da injiniyan ya ji sana'ata sai ya ajiye wayarsa, daga nan kuma hira ba ta sake barin maganar Turanci ba har dare ya raba. Aminina, wanda ƙwallo ce kaɗai ta kawo shi, ya haye gadon sama yana cewa, "Malam, ai ka samu 'yan ajinka, ni sai da safe."

Injiniyan ya fara Turanci tun daga aji biyu na firamare, kamar yadda tsarin makarantun ƙasar ya tanada, ya gama littafin nahawun Raymond Murphy mai shuɗin bango, wanda Rashawa ba sa kiran sunansa sai dai su ce shuɗin Murphy, kuma ya kai matakin da ma'aunin ƙwarewar harshe na Majalisar Turai na 2001 ke kira B2, wato mataki na huɗu cikin shida. A nan ya ce ya maƙale. Yana karanta takardun aiki ba tare da ƙamus ba, yana rubuta rahoto, amma idan aka shiga taron wayar bidiyo da abokan hulɗarsu na Amurka da Ingila, sai rabin maganar ya riƙa wuce shi, alhali babu kalma ɗaya a ciki da bai sani ba. Ya nuna mini manhajar Anki a wayarsa, wadda ke maimaita wa mutum katunan kalmomi a kan lokacin da ya kusa mantawa da su, ya kuma gaya mini cewa burinsa shi ne ya kai adadin da Paul Nation, masanin koyon harshe a New Zealand, ya ƙiyasta a 2006, wato dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin mutum ya karanta labari ko jarida ba tare da tuntuɓe ba. Na duba katunan nasa, na ga yawancinsu dogayen kalmomi ne irin su "ubiquitous" da "meticulous" da "exacerbate".

Dattijuwar ta karɓi wayar, ta gyara tabarau, ta duba, ta mayar masa, ta ce a banza yake wahalar da kansa, domin ɗan Rasha ba ya shan wuya a kan dogayen kalmomin Turanci. Bayaninta shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Tun zamanin sarki Peter Mai Girma, a farkon ƙarni na 18, Rashanci ya riƙa aro daga Latin da Jamusanci da Holanci, daga baya kuma daga Faransanci, wanda manyan gidaje suka mayar harshen falo har cikin ƙarni na 19. Saboda haka kalmomin ilimi da mulki da likitanci da falsafa suna da 'yan'uwa a harsunan biyu, kuma ɗalibi yana tsintarsu a arha. Abin da ba shi da ɗan'uwa a Rashanci shi ne gajerun aikatau na asalin Turanci, irin su "get" da "put" da "take", waɗanda ke tafiya da ɗan rakiya a bayansu. Rashanci yana sauya ma'anar aikatau da ɗafa-goshi wanda ke manne a jikin kalma, kuma sau da yawa ana iya hasashen abin da zai haifar: daga "khodit", wato tafiya, ake samun "vykhodit", fita, da "vkhodit", shiga, da "perekhodit", tsallakawa. A Turanci kuwa ɗan rakiyar yana tsaye shi kaɗai, yana iya yin nesa da aikatau ɗinsa a cikin jimla, kuma babu wani lissafi da zai gaya wa mutum cewa "put off" ɗagewa ne, "put up with" haƙuri da abu ne, "put down" kuma yana iya zama wulaƙanta mutum ko kashe dabbar da ciwo ya ci ƙarfinta. Ɗalibi mai wayo sai ya kauce wa wannan ramin gaba ɗaya, ya ce "postpone" da "tolerate", nahawunsa ya fita daidai, amma maganarsa ta yi kama da wasiƙar lauya. Nan na gane nauyin da na ji a bakin 'yan sa-kai na filin jirgi.

Ko waɗannan kalmomi na arha, in ji ta, ba duka ne masu amana ba, shi ya sa malamai a can ke kiran wasunsu mayaudaran abokan tafinta. "Magazin" a Rashanci kanti ne, ba mujalla ba; "familiya" sunan dangi ne, ba iyali ba; "dekada" kwana 10 ne, ba shekara 10 ba; "aktualny" kuma yana nufin abin da ake yayi ko ake magana a kansa yanzu, abin da ya sa ɗalibai ke rubuta cewa matsala "actual" ce suna nufin ta zamani ce. Waɗannan ba su dame ta sosai ba, domin jerinsu gajere ne kuma ana haddace shi a mako ɗaya. Abin da ke bin mutum har tsufa shi ne sanin kalmomin da ke zama tare. Ɗan Rasha yana cewa ruwan sama mai ƙarfi, Bature yana cewa mai nauyi. Aikatau ɗaya, "delat", shi ke ɗaukar aikin "make" da "do", har ma da ɗaukar hoto, don haka a ranakun da suka biyo baya, duk wanda ya nemi ɗaukar hoto da mu saboda rigar Super Eagles da ke jikinmu "make a photo" yake cewa. Na gaya mata cewa a wani wuri mu da su jirgi ɗaya ya kwaso mu, domin "ruka" ɗinsu kamar hannu yake a Hausa, daga kafaɗa har yatsu, "noga" kuma kamar ƙafa, kuma ɗalibaina ma sai an tsaya a kansu kafin su raba "arm" da "hand".

A kan adon magana da karin magana ne suka saɓa. Ita ta koyi Turanci a zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da malami zai iya koyar da harshen shekara da shekaru bai taɓa zama da Bature ba, kuma jimlar da kowane ɗan makaranta ya haddace, wadda har yau Rashawa ke raha da ita, ita ce wadda ke cewa Landan ce babban birnin Birtaniya. A wancan tsarin, adon magana abu ne da ake jerawa a shafi biyu, na Turanci a hagu na Rashanci a dama. Rashawa suna mayar da ƙuda giwa, Turawa suna mayar da tudun ɓera dutse. Abin da ba zai taɓa faruwa ba, a wurin Rashawa sai ranar da ƙaguwar ruwa ta yi fito a kan dutse, a wurin Turawa sai ranar da aladu suka tashi sama. Mai yaudararka a Rashanci taliya yake rataya maka a kunne. Tana ganin wannan jeri wajibi ne, kuma hujjarta ba ƙarama ba ce: a watan Nuwamba na 1956, a wata liyafa a ofishin jakadancin Poland da ke Mosko, shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev ya gaya wa jakadun Yamma wata magana da aka fassara kai tsaye da "za mu binne ku", Amurkawa suka ɗauke ta a matsayin barazanar yaƙi, alhali ma'anarta ta fi kusa da cewa tsarinmu zai ga bayan naku, da mu za a yi jana'izarku.

Injiniyan bai musa labarin ba, amma ya ce wannan matsalar tafinta ce, tasa daban take. Ya haddace cewa idan ruwan sama ya yi yawa Turawa kan ce ana ruwan kyanwoyi da karnuka, kamar yadda kowane littafin makaranta ke koyarwa, kuma a duk tsawon aikinsa da Turawa bai taɓa jin ɗayansu ya faɗi haka ba. Abin da yake ji kullum shi ne "touch base" da "ballpark figure" da "rain check", waɗanda duk daga wasan ƙwallon gora na Amurka, wato baseball, suka fito, wasan da bai taɓa kallo ba balle ya san dokokinsa. Mafi wuya ma ba shi da siffar adon magana ko kaɗan. A Rashanci idan ka ba da umurni ka haɗa da "pozhaluysta" ka cika ladabi, shi kuwa da ya rubuta wa abokin aikinsa na Ingila cewa ya aiko masa da takarda, har da "please" a ƙarshe, sai daga baya aka ja shi gefe aka ce saƙonninsa suna da kaushi. Haka kuma ya daɗe kafin ya gane cewa idan Baturen Ingila ya ce ba shi da cikakken tabbacin cewa shawararka za ta yi aiki, to ya riga ya yi watsi da ita, kuma idan ya ce aikinka ba laifi, yana iya nufin ya yaba ƙwarai. A wannan gardama ina bayan injiniyan, ko da yake ban faɗa a gaban dattijuwar ba. Haddar jerin karin magana ita ce mafi daɗin koyarwa kuma mafi ƙarancin amfani, domin baƙon da ya cusa uku a magana ɗaya dariya yake jawo wa kansa. Ya kamata ya san su don ya gane su idan an faɗa, ya kuma rage hanzari wajen furta su.

Da gari ya waye dazuzzuka sun ƙare, mun shiga fili fetal mai ciyawa wanda ido ba ya ganin iyakarsa, zafi kuma ya fara shigowa ta taga. Dattijuwar ta ɗauko dafaffen ƙwai da kokwamba da burodi ta raba mana, sannan ta koma kan darasinta ta wata ƙofa, ta yi amfani da sunan garinsu. Birnin ana kiransa Tsaritsyn har 1925, ya zama Stalingrad, sannan aka mayar da shi Volgograd a 1961. Wannan "grad" da ke ƙarshensa daga tsohon harshen coci ya fito, kalmar yau da kullum ta gari kuwa "gorod" ce, kamar a Novgorod. Rashanci yana cike da irin waɗannan tagwaye, ɗaya na kasuwa ɗaya na mumbari, kuma duk ɗan ƙasa yana jin bambancinsu a jikinsa ba tare da an koya masa ba. Turanci ma haka yake tun bayan da Normawa masu Faransanci suka ci Ingila a 1066: akwai "ask" akwai "inquire", akwai "buy" akwai "purchase", akwai "begin" akwai "commence". Ƙamus zai ba ɗalibi fassara ɗaya ga kowane biyu, amma ba zai gaya masa wanda ake faɗa wa aboki da wanda ake rubuta wa banki ba. A ganinta zurfin Turanci a nan yake, kuma a wannan karon injiniyan bai ja da ita ba. Ya ƙara da cewa abin da ya hana tsaransa jin wannan bambanci shi ne kusan duk fim ɗin waje da ake nunawa a sinima da talabijin a Rasha an ɗora masa murya da Rashanci, ta yadda mutum zai girma yana kallon finafinan Amurka bai taɓa jin muryar 'yan wasan ba. Shi sai da ya girma ya koma kallo da muryar asali, rubutun Turanci na bi a ƙasa.

Volgograd ta tarbe mu da rana mai zafi da ƙananan ƙwari da ke tasowa daga kogin Volga a wannan wata, masu shiga ido da hanci. Ranar wasa, 22 ga Yuni, ta dace da ranar da Rashawa ke tunawa da mamayar Jamus ta 1941, don haka da safe muka bi jama'a muka hau tudun Mamayev, matakala 200 a madadin kwana 200 na yaƙin Stalingrad, har gindin gunkin wata mace riƙe da takobi mai tsayin mita 85 da aka kammala a 1967. Filin wasan yana ƙasan tudun, a bakin kogi. Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu bayan an dawo hutun rabin lokaci, aminina ya yi ihu har muryarsa ta dushe, injiniyan kuma, da muka haɗu a waje, tambayarsa ta farko ita ce me ya sa masu sharhi na Ingila ke cewa mai tsaron gida ya bar zanensa da tsabta idan ba a ci shi ba, alhali su a Rashanci busasshen wasa suke cewa.

Daga nan muka koma Mosko, muka hau jirgin Sapsan mai gudu wanda ke kai mutum St. Petersburg cikin kusan awa 4, domin wasanmu da Ajantina na ranar 26 ga wata. Injiniyan ya haɗa ni da wata ƙungiyar hira da Turanci da ke zama a wani gidan shayi kusa da titin Nevsky, irin wanda ake biyan kuɗin mintunan da aka zauna, shayi da biskit kuwa kyauta ne. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da yawa a manyan biranen ƙasar, kuma masu zuwa yawanci mutane ne da suka gama da nahawu tuntuni, bakin ne bai saki ba. Mai jagorantar zaman ta hana kawo jerin kalmomi daga littafi. Dokarta ita ce kowa ya zo da jimlolin da ya ji da kunnensa ko ya gani da idonsa a cikin makon, ya faɗi wanda ya furta su, da wanda aka gaya wa, da halin da ake ciki. Gasar ta cika musu jaka, domin gari ya cika da baƙi. Wata mai yi wa masu yawon buɗe ido jagora a gidan tarihi na Hermitage ta kawo "I'm good", wanda wani Ba'amurke ya gaya mata da ta miƙa masa taswira, ita kuma ta ci gaba da miƙa masa, ba ta san cewa ya ƙi karɓa ne cikin ladabi ba. Aka tambaye ni Turancin Najeriya, na gaya musu cewa mu kan ce "I'm coming" muna juya baya muna tafiya, domin "ina zuwa" ne muka sa wa rigar Turanci, kuma "sorry" ɗinmu ga wanda ya yi tuntuɓe "sannu" ce, ba amsa laifi ba. Wani ɗalibi mai shirin jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS ya tambaya cikin damuwa ko wannan kuskure ne. Na ce a Kano da Legas daidai ne, a takardar jarrabawarsa kuwa kada ya kuskura.

Wadda ta fi kowa shiri a zaman ita ce wata likita da ke aikin sa-kai a dandalin 'yan kallo na Konyushennaya. Ɗaliban likitanci a Rasha suna karanta Latin, don haka sunayen cututtuka na Turanci ba baƙi ba ne a wurinta, kuma tana karanta mujallun likitoci na Birtaniya da Amurka ba tare da wahala ba. Amma mara lafiya ba ya magana da harshen mujalla. Wani ɗan kallo ya zo ya ce abokinsa ya "passed out", ta tsaya tana tunanin ina ya wuce, alhali suma ya yi, abin da ta sani sarai da sunan "syncope". Wani ya ce yana jin allurai da fil a hannunsa, yana nufin sagewar da ke kama gaɓar da aka danne. Wani kuma ya ce ya "threw up", ita kuwa "vomit" kaɗai ta sani. Ta buɗe wani ɗan littafi da ta raba kowane shafinsa gida biyu, kalmar likita a hagu, kalmar mara lafiya a dama, kuma ta ce shafin dama ne kullum yake mata gardama. Da ta ji cewa 'yan Najeriya za su cika gari washegari, sai ta miƙo mini biro ta ce in taimaka mata da abin da mutanenmu za su faɗa. Na rubuta mata cewa idan ɗan Najeriya ya ce yana "purging" ko cikinsa yana "running", gudawa yake yi, idan ya ce jikinsa yana "hot" zazzaɓi yake nufi, idan kuma ya ce "malaria" ce ke damunsa, to ta auna shi tukuna, domin a wurinmu kusan kowane zazzaɓi wannan sunan yake amsawa.